Pawa banki: yadda ake lissafin awannin da zai yi, da yadda ake kula da shi a zafin Damagaram



Akwai tambayar da ta yi ta dawo mana gidan rediyo, daga bakin mutane daban-daban amma maganar ɗaya ce. An aiko wa mutum pawa banki, an rubuta 20,000 a jikinsa, batirin wayarsa kuma 5,000 ne, to me ya hana ya cika wayar sau huɗu? Wasu na zargin ɗan kasuwa ya cuce su, wasu har sun yi ƙorafi ga ɗan da ya aiko, cewa ya sayo mai araha. A gaskiya akwai jabu a kasuwa, kuma za mu zo kansa. Amma ko na ƙwarai ne, ba zai taɓa ba da abin da aka rubuta a kwalinsa cif ba. Wannan rubutu mun yi shi ne don a ajiye, a riƙa dubawa kafin a saya, kafin a aiko, da lokacin da ake amfani.

Maganar ba ƙarama ba ce a wurinmu. Ta waya ake sanar da mu lambar kuɗin da aka turo ta Nita ko Amana, da ita ake kiran mai mota idan naƙuda ta zo da dare, da ita ake jin farashin wake a kasuwar Zinder kafin a ɗaure buhu, da yawanku ma da ita kuke sauraronmu. Ƙauyuka da dama layin NIGELEC bai kai musu ba. Waɗanda ke da layin kuma ba su manta farkon watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse kuran ɗin da take ba Nijar saboda takunkumin CEDEAO, ba a maido ba sai a watan Maris na 2024. Zinder da Maraɗi ta layin Katsina zuwa Gazawa suke samun wutar Najeriya, don haka mun ji a jikinmu.

Me ke cikin akwatin

Abu biyu ne a ciki. Na farko batirin litiyom, irin wanda ke cikin wayar kanta, sai dai ya fi girma. Wani mai faɗi ne kamar ƙunshin biskit, wani kuma dogaye ne kamar pil na tocila, ana jera biyu zuwa shida ko fiye. Waɗannan dogayen ana ce musu 18650, saboda kaurinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Na biyu ɗan allon lantarki ne da ke daidaita wutar da ke shiga da wadda ke fita, shi ne kuma ke yanke caji idan batirin ya cika ko ya yi zafi. Kamfanin Sony na Japan ne ya fara fito da batirin litiyom kasuwa a 1991, kuma a 2019 aka ba masana uku da suka yi aikinsa kyautar Nobel: John Goodenough, Stanley Whittingham da Akira Yoshino. Amfaninsa shi ne yana ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki. Aibinsa kuma ba ya son zafi, ba ya son a huda shi.

Lambobin da ke jikinsa

Ku juya bayan pawa bankin, akwai ƙananan rubutu. Alamu huɗu za ku nema.

mAh ita ce babbar lambar da ake talla da ita: 5,000, 10,000, 20,000. V, wato bolt, ƙarfin turin wutar ne. Batirin da ke ciki bolt 3.7 ne, amma bakin USB bolt 5 yake fitarwa. W, wato wat, saurin cin wuta ne na abin da aka jona. Wh kuwa ita ce ainihin mudun: yawan wutar da aka tara. Wh ɗaya na nufin abin da ke cin wat ɗaya zai yi awa ɗaya.

Idan ba a rubuta Wh ba, ga yadda ake fitar da ita: a ninka mAh da 3.7, a raba da 1,000.

5,000 mAh ya zama Wh 18.5
10,000 mAh ya zama Wh 37
20,000 mAh ya zama Wh 74
30,000 mAh ya zama Wh 111

Me ya sa muke nacewa a kan Wh? Domin mAh ita kaɗai kamar a ce maka "dubu goma" ne ba a faɗi ko naira ba ce ko sefa. Ɗauki ƙaramin batirin nan na bolt 12 da ake sa wa akwatin sola, mai 7Ah, wato 7,000 mAh. A ido lambarsa ba ta kai ta pawa banki mai 20,000 ba. Amma 12 sau 7 ya ba da Wh 84, ya fi 74. Ka ga ashe sai an san bolt ɗin kafin lambar ta yi ma'ana.

Inda sauran wutar take tafiya

Duk wanda ya taɓa zuwa Kano ta Matamai ya san hannun ɗan canji. Ka kai sefa a maida maka naira, ya cire nasa. Ka dawo da ragowar nairar a maida maka sefa, ya sake cire nasa. Kuɗin da ka fita da su ba su ne za su dawo aljihunka ba, ko ba ka sayi komai ba.

Haka wutar take. Pawa banki yana ɗaga ta daga bolt 3.7 zuwa bolt 5 don ta bi ta kabul, wani kaso ya tafi. Wayar kuma ta sauko da ita daga bolt 5 zuwa abin da batirinta ke karɓa, wani kason ya sake tafiya. Ɗumin da kuke ji a jikin wayar da na pawa bankin lokacin caji, to wannan ita ce wutar da ta ɓace, ta koma zafi. Idan kabul ɗin siriri ne ko dogo ko ya tsufa, shi ma yana cin nasa.

Kamfanoni masu gaskiya suna rubuta wannan a baya, da ƙananan haruffa. Za ku ga lamba ta biyu kusa da kalmomin "Rated capacity", misali 6,000 mAh ko kusa da haka a jikin mai 10,000. Wannan ba alamar jabu ba ce. Abin da yake iya fitarwa ke nan a bolt 5, kuma ganin lambar ma alama ce mai kyau.

Sau nawa zai cika waya

Ƙa'idar da muke ba ku mai sauƙi ce: a ɗauki kashi biyu cikin uku na lambar pawa bankin, a raba da lambar batirin wayar.

Mai 10,000 zai ba da kamar 6,600. Idan babbar waya ce mai batiri 5,000, irin su Tecno, Infinix da Itel na yanzu, zai cika ta sau ɗaya, ya ƙara mata kamar kashi ɗaya cikin uku. Idan batirinta 4,000 ne, sau ɗaya da rabi da ɗan ɗori. Ƙaramar salula mai madanni da batirinta 1,000 ne, sau shida. Wadda batirinta 2,500 ne, sau biyu da rabi.

Mai 20,000 zai ba da kamar 13,300. Waya mai 5,000 za ta cika sau biyu da rabi. Ga amsar masu tambayarmu ke nan: wanda ya samu sau biyu da rabi ba a cuce shi ba. Wanda ya samu sau ɗaya kacal daga sabon mai 20,000, shi ne ke da magana.

Wannan lissafin na wayar da aka ajiye ce tana caji. Idan ana kallon bidiyo ko ana hira a WhatsApp tana jone, ana zuba ruwa ne a tulu ana kuma ɗiba, lissafin zai ragu. Inda rezo ba shi da ƙarfi ma waya ta fi cin batiri, don tana ta faman neman eriya. Da dare, idan ba kira ake jira ba, kashe data kaɗai yana rage ci sosai.

Awa nawa fitila, fanka ko rediyo za su yi

Waɗannan ba su da batirin da za a cika, kai-tsaye suke shan wutar, don haka canji ɗaya ake yi, asarar ba ta kai ta waya ba. A lissafa mai 10,000 a matsayin Wh 30, mai 20,000 a matsayin Wh 60. Sai a raba da wat ɗin abin da aka jona, abin da ya fito shi ne awanni.

Idan ba a rubuta wat a jikin kayan ba, a nemi V da A a ninka. Fankar da aka rubuta mata 5V 1A tana cin wat 5. Wadda aka rubuta 5V 2A, wat 10.

Da mai 10,000: ampul na USB mai wat 3 zai yi awa 10, mai wat 5 awa 6. Ƙaramar fanka mai wat 5 awa 6, mai wat 10 awa 3. Ƙaramin rediyo mai cin wat 2 zai kai awa 15. Idan an jona biyu lokaci ɗaya a haɗa wat ɗinsu: ampul mai 3 da fanka mai 5 sun zama 8, a raba 30 da 8, ya ba da awa uku da minti 45. Da mai 20,000 sai a ninka duka sau biyu.

Wani abu da ke ruɗa mutane: an jona ƙaramin abu kamar abin sauraro na kunne, bayan ɗan lokaci pawa bankin ya kashe kansa. Ba lalacewa ya yi ba. Abin yana jan wuta kaɗan ne ƙwarai, sai allon ya ɗauka ba a jona komai ba. Wasu ƙira idan aka danna maɓallin sau biyu sukan ci gaba da ba da wutar.

Lissafin gida guda

Bari mu ɗauki gida irin namu: babbar waya ɗaya mai 5,000 da ake cikawa kullum, ƙananan salula biyu masu 1,000 da ake cikawa duk kwana uku, da ampul mai wat 3 da yara ke karatu da shi awa huɗu bayan magariba.

Kowace cikar waya tana cin ninki ɗaya da rabi na batirinta daga lambar pawa banki. Babbar waya ta ci 7,500. Ƙananan biyu sun ci 3,000 a kwana uku, wato 1,000 a rana. Ampul ya ci Wh 12, kuma tunda Wh 30 ne ke cikin mai 10,000, wannan daidai yake da 4,000. Jimla 12,500 a rana.

To mai 10,000 bai ma isa wa gidan nan kwana ɗaya ba. Mai 20,000 zai yi kwana ɗaya da rabi. Idan sai duk kwana uku ake samun kai wa mai caji a bakin titi, ana bukatar kusan 37,500, wato masu 20,000 guda biyu. Ko kuma a bar guda ɗayan a ƙara masa ƙaramin farantin sola, wanda a ganinmu ya fi wa gidan ƙauye amfani. Kowa ya zauna ya yi irin wannan lissafin na gidansa kafin ya faɗa wa ɗansa abin da zai sayo.

Awa nawa yake ɗauka kafin ya cika

Nan ma rabawa ce: Wh a raba da wat ɗin caja, a ƙara kaɗan saboda asara. Caja mai 5V 1A, wato wat 5, za ta ɗauki kamar awa tara kafin ta cika mai 10,000, kusan awa 18 ga mai 20,000. Caja mai 5V 2A tana rage lokacin zuwa rabi: awa huɗu da rabi zuwa biyar, da awa tara zuwa goma. Cajar sauri mai wat 18 ta fi haka, amma sai idan pawa bankin yana karɓar ta. A duba layin da aka rubuta "Input" a bayansa.

Wannan ya shafi kuɗinku. Idan kun kai mai 20,000 wurin mai caji, ya sa shi a ƙaramar caja awa uku, bai kai kashi ɗaya cikin biyar ba aka zuba, kun kuma biya dala goma ko ashirin ɗinku. Ku tafi da cajarku mai ƙarfi, ku duba ƴan fitilun nan huɗu kafin ku karɓa. Kowace ɗaya tana nuna kusan kwata ne.

Game da sola: faranti mai wat 10 zuwa 20 mai bakin USB zai iya cika mai 10,000 a yini ɗaya na rana mai kyau, in an share masa ƙura, musamman da hunturu. Amma irin pawa bankin nan da aka manna masa ɗan faranti a bayansa, kada ya burge ku. Ɗan farantin da ƙyar yake ba da wat ɗaya, sai ya yi fiye da awa 40 a rana tsaka kafin ya tara Wh 37, kuma kafin nan zafin ya gama da batirin. Faranti a rana, pawa banki a inuwa, kabul ya haɗa su. Haka ake yi.

Manyan batura

Akwai manyan akwatuna masu hannun ɗauka da ke da soket na bolt 220, waɗanda ƴan ci-rani suka fara shigowa da su. Su da Wh ake rubuta su. A ɗauki kashi 85 cikin 100, a raba da wat. Mai Wh 300 zai ba da kamar 255. Talabijin mai wat 40 da dikoda mai wat 10 za su yi awa biyar. Dutsen guga ko hita mai wat 1,000 ba kayansa ba ne, ko ya yarda ya tayar da su, cikin kwata na awa ya ƙare. Idan ana da zaɓi, a nemi wanda aka rubuta LiFePO4 a jikinsa. Wannan nau'in ya fi jure zafi, kuma yana kai caji dubu biyu ko fiye.

Batirin mota ko na sola mai dalma da ruwan asid kuwa ƙa'idarsa daban ce: rabi kawai ake sha. Mai 12V 100Ah yana da Wh 1,200 a takarda, amma 600 ne naka. Wanda ke tatse shi ƙarƙaf kullum, cikin ƴan watanni zai kashe shi.

Yadda ake gane jabu

Hausawa sun ce araha ba ta ado. Batiri yana da nauyi, kuma nauyi ba ya ƙarya. Mai 10,000 na ƙwarai yakan kai giram 200 zuwa 250, kamar nauyin babbar waya ko ya ɗan ɗara. Mai 20,000 kusan giram 400 ne ko sama. Batirin 18650 mafi kyau ba ya wuce kamar 3,500 mAh, don haka abin da ya shige aljihun riga aka rubuta masa 50,000 ko 100,000, lambar ƙarya ce. Sai dai masu jabu su ma sun san ana auna nauyi, shi ya sa ake samun wanda idan an buɗe, batiri ɗaya ne na gaske, sauran an cika su da yashi.

Saboda haka gwaji ne hujja. A cika shi taf, a bar waya ta sauka zuwa kashi 10, a jona ba tare da ana taɓa ta ba, a ƙirga sau nawa ya cika ta, a gwada da lissafin kashi biyu cikin uku. A yi wannan a makon farko. Ko a Kasuwar Dole ta Zinder kuka saya ko a Kano, ku yi magana da mai shago tun kafin ku biya, cewa idan bai kai ba za ku maido. Wanda babu sunan kamfani, babu Wh, babu bayanin shiga da fitar wuta a bayansa, a bar masa kayansa. Sunaye irin su Oraimo, Itel da Anker ma ana kwaikwayonsu, don haka sunan kaɗai bai isa ba.

Zafi shi ne babban makashinsa

Masu ƙera batirin litiyom sun iyakance cajinsa a digiri 45. Mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafin inuwa ma yana wuce 40. Ɗakin kwano da azahar, gaban gilashin mota, akwatin babur, aljihun da rana ke duka a gona, duk sun fi haka. Batirin da ke zama cike taf a cikin zafi shi ya fi saurin tsufa, ko ba a aiki da shi.

A yi caji da dare ko da sassafe idan da hali. A ajiye shi ƙasa, a kan daɓe ko siminti, a ɗakin ƙasa mai sanyi. Kada a sa shi ƙarƙashin matashin kai, ko kan katifar soso, ko a lulluɓe shi da zane yana caji. Kada a yi caji kusa da kwalaben fetur, ko jikin dangar kara, ko kusa da rumbu. Kada a riƙa cajinsa yana kuma cajin waya a lokaci ɗaya, zafin biyu ne ke haɗuwa. Idan ya cika a cire.

Akwai tsohuwar magana cewa sai an bar batiri ya mutu murus kafin a sa masa caji, ko sabo sai ya kwana ya yini a wuta. Wannan ta tsofaffin batura ce na nikel, na wayoyin farko. Litiyom ya fi son a tsaya tsakanin kashi 20 da 80. Mun san a ƙauye idan an samu wuta cikawa ake yi taf, ba laifi, tunda amfani za a yi da shi nan da nan. Abin gudu shi ne a bar shi ya mutu a jefa a akwati. Wanda zai ajiye nasa ya tafi ci-rani, ya bar shi da rabi, fitila biyu cikin huɗu, ya kuma bar sallahu a riƙa ɗan ƙara masa duk wata uku.

Ƙurar hunturu tana toshe bakin USB. A fitar da ita da tsinken itace busasshe ko a hura, ban da allura. Da damina a sa shi a leda idan za a gona, amma a fitar da shi daga ledar lokacin caji. In hadari ya taso da tsawa a cire caja daga soket. Haka idan an ɗauke kuran, a cire, sai ya dawo ya zauna a maida. Wutar gurup mai hawa da sauka caja take fara kashewa, kuma cajar banza tana iya jan pawa bankin su tafi tare.

Ko da duk wannan kulawa, yana da iyakar kwana. Bayan caji 300 zuwa 500 yakan sauka zuwa kusan kashi 80 na ƙarfinsa. Mai cika shi kullum zai fara ganin bambanci bayan shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Tsufa ne, ba sammu ba.

Alamun haɗari

Idan ya kumbura, ko murfinsa ya ɗaga, ko yana zafin da hannu ba ya iya riƙewa, ko yana wani wari mai zaƙi-zaƙi, ko ya faɗi ya lotsa, aikinsa ya ƙare. Kada a danne kumburin, kada a huda shi wai iska ta fita, kada a ba yara su yi wasa da shi. A fitar da shi waje, a sa a tsohuwar tukunya ko gwangwani da yashi, nesa da kara da dabbobi, a kai wa mai gyaran waya. Kada a jefa shi a juji. Jujinmu ko a cinna masa wuta, ko a kwashe shi a kai gona taki, kuma duka biyun ba wurin batiri ba ne.

Idan ya fara hayaƙi, a fitar da yara, kada a shaƙa, kada a ɗauka da hannu. A fara raba shi da soket in ana iyawa ba tare da haɗari ba, sannan a kwara masa ruwa mai yawa ko a rufe shi da yashi. A ci gaba da sa ido, domin yakan sake kamawa bayan an ɗauka ya mutu.

Ba tsoratarwa muke yi ba. Ranar Babbar Sallah ta 2025 gobara ta cinye shaguna masu yawa a kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, kuma rahotannin farko sun danganta ta da fashewar batiri. A watan Yuni na shekarar, kamfanin Anker da kansa ya janye fiye da miliyan ɗaya na wani ƙirar PowerCore 10000 a Amurka saboda haɗarin kama wuta. Idan na babban kamfani zai iya yin haka, ina ga wanda aka harhaɗa da tsofaffin baturan kwamfuta a bayan shago?

Ga ƴan uwa masu aikowa

Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Ga abin da muke roƙo. Masu 20,000 guda biyu sun fi ƙato ɗaya mai 50,000: ana cajin ɗaya ana aiki da ɗaya, kuma in ɗaya ya lalace gida bai zauna a duhu ba. Ku haɗo da caja mai ƙarfi da gajeren kabul mai kauri, ku tambayi irin bakin wayar gida, ko Type-C ce ko tsohon ƙaramin baki. Cajar Najeriya mai ƙafa uku ba ta shiga soket ɗinmu mai ƙafa biyu sai da adafta. Ku gwada shi can kafin ku ba da saƙo. Idan ta mota zai zo, a bar shi da rabin caji, a ce wa ɗan saƙo kada ya ɗaure shi saman mota cikin rana.

Masu zuwa ta jirgi, da alhazai, ga dokar: pawa banki ba ya shiga babbar jakar da ake aunawa a kai ƙarƙashin jirgi, sai jakar hannu. Har Wh 100, wato kusan 27,000 mAh, an yarda. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfanin jirgin, kuma mai 30,000 yana cikin wannan rukuni. Sama da 160 ba ya shiga. Wanda rubutunsa ya goge ana iya karɓe shi. Tun bayan gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a Koriya ta Kudu a watan Janairu na 2025 kamfanoni suka ƙara tsanani. Emirates ta hana amfani da shi a cikin jirgi daga 1 ga Oktoba 2025, Sin kuma tun ƙarshen Yuni 2025 ba ta barin wanda ba shi da tambarin CCC ya hau jiragen cikin ƙasarta, abin da ya shafi ƴan kasuwarmu masu zuwa sarin kaya. A tambayi kamfanin jirgi kafin ranar tafiya.

Wanda lissafin ya shige masa duhu, ya kawo pawa bankinsa da wayarsa gidan rediyo, ko ya karanto mana lambobin da ke bayansu idan an buɗe layi, mu yi lissafin tare a kan iska don wasu ma su amfana. Wanda ya iya karatu kuma ya karanta wa iyayenmu da ke gida. Allah ya tsare mu da gobara, ya kai mu damina lafiya.